Kawu Bai Manta da Takardar Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar mun kai shi mun dawo. Yayan mahaifiyata ne, a gidansa nan Daura na tashi tun ina firamare, shi ya sa da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka zaunar da ni cikin 'ya'yansa ina karɓar gaisuwa.

An zo, har abin ya ba ni mamaki. Tsofaffin malaman makaranta sa'o'insa suka zo da sanduna, kowa ya zauna sai ya ce, "To, saura mu." Wani dillalin shanu daga Mai'adua, ban taɓa ganinsa ba, ya durƙusa ya ce shi ko sunan mamacin bai sani ba, "mai cigiyar akwati" suke ce masa a kasuwa, a mota ya ji labari ya sauka. Mai shagon kayan babura na bakin tasha, Ibo ne kuma Kirista, ya rufe shago ya zo ya tsaya gefe yana ta share ido. Da ya matso ya kama hannuna ya ce, "Malam, tsohon nan ya cinye mini batir da waya ba iyaka, wai na aikin yaran makaranta. Wallahi da zai dawo, in ƙara masa."

Ranar sadakar uku tsofaffin ɗalibanmu suka zo, 'yan ƙungiyar balan-balan, yaran da muka yi aiki da su suna aji biyu na ƙaramar sakandare. Duk sun zama mutane. Matan suka shige ciki wajen Inna, matar Kawu, wata har da goyo. Mazan suka zauna wajenmu, aka shafa fatiha, sai hira ta ɓarke, ana dariya ana hawaye. Can ɗaya daga cikinsu, yanzu direba ne, ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Malam. Da bai manta da takardar nan ba, da yau muna da hoton duniya namu na kanmu."

"Tsufa ne," in ji na kusa da shi. "Ai ya yi ƙoƙari."

Ba da mugun nufi suka faɗa ba, da ƙauna suka faɗa. Aka ce amin, ni ma na ce amin. Amma na san Kawu bai manta da takardar nan ba. Ni na zare ta da hannuna, na kuma bar shi ya ɗauki laifin fiye da shekara goma, har muka zuba masa ƙasa ban buɗe baki ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina so a san wane ne shi, a kuma sauke masa kayan da ba nasa ba.

Kawu malamin labarin ƙasa ne, irin na da, masu farin yadi da biro uku a aljihu. Ba abin da ya tsana kamar kalmar "wai". Ka ce masa wai bana ruwa ya fi na bara, sai ya sauke tabarau ya dube ka ya ce, "Wa ya auna?" A tsakar gidansa akwai wani gwangwani da ya kafa a kan turke, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya tsoma rula ya rubuta a wani baƙin littafi, tare da inda iska ta fito. Kaza ba ta isa ta sha ruwan gwangwanin nan ba, mu ma ba mu isa ba. Inna takan ce, "Malam, saura tuwona ka sa wa rula." Shi kuwa ya ce ai ya daɗe da aunawa, tun auren fari yake raguwa.

Ni "Injiniya" yake kirana, don tun ina yaro na kwance masa rediyo na kasa mayarwa. Na girma na zama malamin kimiyya, na yi aure, na haihu, sunan bai sake ni ba. In ya faɗe shi a hankali, yabo ne. In ya ja shi, "Injiniyaaa", to na yi shirme.

Ga yadda maganar balan-balan ta taso. Wasu tsofaffin ɗaliban makarantarmu da ke aiki a birni suka kawo mana kaya: ƙatuwar balan-balan a naɗe, tukunyar gas ɗin da ke ɗaga ta, 'yar kyamara, da wata na'ura mai layin waya wadda za ta turo saƙo ta faɗi inda ta sauka. Za a sa kyamarar a akwati, balan-balan ta ɗaga shi ya wuce inda jirage ke bi, har inda sama ke yin baƙi da rana tsaka, a ga gefen duniya ya lanƙwasa. Can sai ta fashe, akwatin ya sauko da laima, a je a ɗauko hotuna. Balan-balan ɗaya ce, kyamara ɗaya. Shugaban makaranta ya damƙa mini, ya ce tun da ni ne na kimiyya in san yadda zan yi.

Na je na sami Kawu, lokacin ya shekara shida da yin ritaya. Ban gama bayani ba ya fara neman hularsa. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ga shi a kan tsohon kekensa, baƙin littafin a ɗaure a baya, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda ya roƙe shi sau biyu.

Yadda yake da yara, ni har yau ban iya ba. Ba ya taɓa kayan aiki. Hannu a baya yake zagayawa, ya ce, "Nawa hannun ya yi nasa." Yaro na ɗaura igiya ba daidai ba, ni jikina har tsuma yake in karɓe, Kawu sai ya harare ni. Akwatin da kular farin soso suka yi shi, irin ta masu sayar da ƙanƙara. Laimar kuwa da yadin tsohuwar laimar ruwa suka ɗinka ta. Don gwaji sai a sa ƙwan zabi a ciki, a hau tankin ruwan makaranta a sako. In ƙwai ya fashe, kyamara ce ta fashe. Kwana tara ƙwai na fashewa. Na ce, "Kawu, laimar ce ta yi ƙanƙanta, mu gaya musu mana."

Ya ce, "Na sani, kai ma ka sani. Su ne ba su sani ba, kuma in ka gaya musu, ji za su yi, ba sani ba."

Rana ta goma wata yarinya siririya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a ƙara faɗin yadin a kuma huda tsakiyarsa don ya daina lilo. Ƙwai ya sauka lafiya. Ihun da yaran nan suka yi, sai da maigadi ya rugo da sanda. Inna ce kawai ba ta yi murna ba, don ƙwanta ne.

Yarinyar nan ita ce ta daina zuwa bayan mako guda. Mahaifinta, mai awon hatsi ne, ya ji a gari ana cewa 'yan boko za su leƙa sama su ga abin da Allah ya ɓoye, ya ce ba da 'yarsa ba. Ni na ce a ƙyale shi, jahilci ne. Kawu ya ce, "Injiniyaaa. Mutumin da ke tsoron Allah a kan 'yarsa shi ne jahili?" Ya sayi goro, ya ce in raka shi.

A zaure muka same shi. Aka gaisa har gaisuwa ta gaji, aka taɓa maganar farashin gero, sannan Kawu ya ce, "Alhaji, in ka hau rufin ɗakinka ka hango gonarka, ka shiga gaibu?"

Ya ce, "A'a."

"In ka hau dutse ka hango ƙauye uku fa?"

"A'a, Malam."

"To wannan ma hawa ne, ya ɗan fi dutse kawai. Ba sama za mu duba ba, ƙasa za mu duba daga sama. Saman da kake nufi, ko hanyarta ba mu kama ba. Amma kada ka ji daga bakina, kira yarinyar ta gaya maka me ke fasa balan-balan ɗin."

Aka kira ta. Ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ce can sama iska ba ta da yawa, ba abin da ke danne balan-balan daga waje, sai gas ɗin ciki ya yi ta kumbura ta har ta fashe. Uban ya bi ta da kallo kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, "Ke kika san wannan?" Washegari ta dawo, da kwanon gyaɗa wai a ba Baba Malam.

Rigimarmu ni da shi saura kwana biyu a saki balan-balan ta tashi. Na buga takarda da Turanci a kwamfuta, fes, da sunan makaranta da lambar wayata, na sa a leda na manne a jikin akwatin. Kawu ya karanta ya ce ta yi kyau, amma wa zai karanta?

Na ce, "Duk wanda ya tsinta."

Ya ce, "Wanda zai tsinta manomi ne a bayan gari. Kuma na duba littafina, kwana goma sha ɗaya iskar nan arewa take turawa. In ta tsallaka da shi Nijar, masu bokonsu ma Faransanci suka karanta. Amma ba ƙauyen da ba liman, ba limamin da ba ya karanta ajami."

Na ce kwamfuta ta riga ta yi lissafi, wajen garin Babban Mutum zai sauka, cikin ƙasarmu. Kuma ga na'ura za ta turo mana saƙo, kafin wani manomi ya gan shi mun isa. Na ƙara da abin da bai kamata ba, na ce, "Kawu, wannan fa kimiyya ce, ba laya ba."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya zauna a kan benci ya zaro alƙalami, ya rubuta da ajaminsa mai kyau, yara sun kewaye shi. Ya fara da bisimilla, ya yi sallama, sannan ya ce wannan akwati na yaran makaranta ne daga Daura, ba ya cutarwa, amana ce a hannun wanda ya tsinta, a kai wa mai gari ko liman, za mu zo. Ya karanta musu, ya ninke, ya ce ranar tashi zai zura ta cikin ledar da kansa.

Ranar ta zo, safiyar Asabar cikin damina, gari ya yi wasai. Filin ƙwallo ya cika, iyaye, malamai, masu tallan gyaɗa, ga baƙinmu na birni masu kawo kayan da manyan wayoyi suna ta ɗaukar hoto. Ina kallo Kawu ya zura takardarsa a ledar, ta rufe rabin tawa, sannan ya tafi wajen yaran da ke riƙe da balan-balan ana cika ta. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya kan akwatin ya yi dariya ya ce, "Malam, har da rubutun sha aka yi masa?"

Wasa ya yi, ya wuce abinsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, kunyar banza. Na ga hoton akwatin zai yawata a birni, a ce 'yan Daura sun sa wa kimiyya laya. Na waiga, ba mai kallona, na zare takardar. Ka ga da wata takarda ce da na murƙushe ta na jefar, magana ta ƙare. Amma akwai bisimilla a kanta, ba a yar da ita a ƙasa, haka shi kansa ya tarbiyyantar da ni. Baƙin littafinsa na kan tebur, sai na tura ta can cikin shafukan baya inda bai kai ba, na rufe. Na juya gefen ledar ya kalli ƙasa, na naɗe akwatin da salatif.

Yara suka ƙirga daga goma zuwa ɗaya suka saki. Wayyo, abin ya yi kyau. Ta tashi fara sol, akwatin na reto a ƙasanta, fili ya ɗauki kabbara da guɗa. Kowa na kallon sama, Kawu na kallon fuskokin yaran. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Injiniya, ka yi aiki." Muna tsaye har ta koma kamar ƙwayar gero, kuma arewa ta nufa.

Muka zauna jiran saƙo. Azahar ta yi, la'asar ta yi, waya shiru. Baƙi suka shiga mota suka tafi. Sai da yamma na yarda da abin da ya faru: layin da ke cikin na'urar na Najeriya ne, akwati ya tsallaka iyaka, sabis ya ɗauke. Yara suka fara kuka. Kawu ya daka musu tsawa, ya ce, "Kukan me? Akwai takarda a jikinsa. Tsintuwa amana ce, Musulmi ba ya cin ta sai ya yi cigiya. Su za su neme mu, mu ma za mu neme su." Ina tsaye a bayansa yana wannan magana.

Nan ya kamata in faɗa. Na ce a raina bari a ga gobe, wataƙila saƙo ya shigo.

Daga nan Kawu ya shiga cigiya. Duk ranar kasuwar Mai'adua yana can, ya bi dillalai, ya bi direbobi, ya bi masu amalanke, yana kwatanta farin akwati mai laima. Ya je Kongolam, bakin iyaka, ya fi a ƙirga, yana tare masu tsallakowa. Ya aika saƙo masallatan Juma'a na tsallake. Wasu suka ɗauka ya taɓu. Wani mahauci ya taɓa ce masa, "Baba, tsuntsu daga sama gasasshe, wa zai mayar?" Kawu ya ce mai tsoron Allah. Sau da yawa ni ke goya shi a babur, ina jin ƙasusuwan gwiwarsa a bayana, muna tafe yana cewa shi abin da ke ba shi mamaki, a ce liman ya karanta takardar nan ya yi shiru.

Sai bayan an yi girbi labari ya zo ta bakin wani mai sayar da kanwa, cewa an yi wani abin sama a wani ƙauye can cikin Nijar, ba nisa sosai da iyaka. Muka tafi mu biyu. Mutanen kirki, suka shimfiɗa mana tabarma, suka kawo fura. Limaminsu dattijo ne kamar Kawu, shi ya ba mu labari.

Ya ce a gonar gero abin ya faɗo, mata masu kai abinci suka gani. Farin akwati, ga wayoyi, ga wata 'yar fitila tana ƙyaftawa. Lokacin kuwa ko'ina a Arewa maganar bom ake, ba a daɗe da jin na wata kasuwa a rediyo ba. Aka kira shi, ya matsa iya inda zuciyarsa ta ba shi, ya leƙa, ya ga rubutun Nasara. Aka nemo wani yaro da ya yi lakwal, makarantar bokonsu, ya ce wannan ba Faransanci ba ne. Sai suka haɗa gora biyu suka ɗaure, suka yi ta tura shi daga nesa har cikin tafki. Ya nuna mana tafkin, ya ce shanu sun tattake wurin tun tuni.

Kawu ya ce, "Ba ku ga ajami ba?"

Liman ya ce, "Malam, da na ga harafi ɗaya na ajami, wallahi da a ƙarƙashin gadona za ka same shi."

"Na sa ta da hannuna."

"Allah shi ne shaida, ba mu gan ta ba."

Ina zaune tsakaninsu da ludayin fura a hannu. Muka yi godiya muka hau babur. Har muka iso Daura ban gaya masa gaskiya ba.

Ranar Litinin ya zo makaranta ya ce a tara masa yaran. Ya buɗe baƙin littafin ya zaro takardar, ya ɗaga ta kowa ya gani. Ya ce, "Jiya na same ta a nan. Na ɗauka na sa, ashe ban sa ba. Kun yi aikinku daidai, laimarku ta buɗe, akwatinku ya sauka lafiya, liman ya shaida. Ni na ɓata muku. Ku yafe mini." Dattijo mai furfura yana roƙon 'yan shekara goma sha uku gafara. Yaran suka ruɗe, suna ta "Ba komai, Baba Malam." Sannan ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Wannan kallon shi na riƙe shekara da shekaru. Na ce wa kaina ya sani. Mutumin da ke tuna ruwan da aka yi shekara ashirin baya, ya za a yi ya yarda ya manta? Ya gane ni ne, ya rufa mini asiri a gaban ɗalibaina, kamar yadda babba ke yi wa nasa. Har na riƙa jin daɗin abin, ina cewa tsakanina da Kawu ba sai an yi magana ba. Ka ji son zuciya.

Bayan nan bai ƙara zuwa makaranta ba, ya ce gwiwa ta hana shi keke. Da baƙinmu suka yi maganar a sake gwadawa, na je masa, ya ce in nemi mai jini a jika. Ni kuma ba shi ba ni da ƙarfin gwiwa, maganar ta bi ruwa. Yaran suka gama suka watse, ba wanda ya ga hoton da aka yi masa alkawari.

Da ciwo ya kwantar da shi na yi niyya sau ɗaya. Na same shi shi kaɗai da hantsi, na ce, "Kawu, akwai wata magana." Ya ce, "Ina jin ka, Injiniya." Sai aka yi sallama, 'yan dubiya ne daga unguwa. Na tashi na ba su tabarma, har da jin sauƙi a raina. Na ce ai ya sani, me ya rage? Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Maganar direban nan ranar sadakar uku ita ta hana ni sakat. Bayan an yi bakwai, baƙi sun ragu, na shiga wajen Inna da safe. Tana takaba, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ita ta yi mini wanka ina yaro, ba na iya yi mata kwana-kwana. Na tsuguna na gaya mata komai, tun daga dariyar baƙon har zuwa shafukan baya. Na ƙare da cewa na san Kawu ya sani, ya rufa mini asiri ne, amma duk da haka ina so wani ya ji daga bakina.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Ya sani? Wa ya ce maka ya sani?"

Na ce, "Yadda ya dube ni ranar."

Ta ce, "Ɗan nan, kunyarka yake ji. Ya dawo ranar ya ce mini ya kunyata ka a wurin aikinka, ka kira shi ya taimake ka ya zubar maka da mutunci. Ya ce yana ganin hannunsa yana zura takardar nan kamar yanzu, ga ta kuma a littafinsa, to ashe kansa ya fara yi masa ƙarya. Kai ka yarda gwiwa ce ta hana shi makaranta? Mutumin da ya yi ta zuwa gona a ƙafa?"

Ta ci gaba.

"Limancin masallacin ƙofar gida fa, ka taɓa tambaya don me ya bari? Ya ce wanda ya manta takardar yara zai manta aya, ba zai ɗauki sallar mutane ba. Shekara goma, in zai fita sai ya ce in duba masa aljihu. In ya rufe ƙofa sai ya koma ya taɓa. Ni ina ce masa lafiyarsa ƙalau, yana ce mini ai ya auna."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba. Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce, "Ni nawa mai sauƙi ne, na yafe. Nasa kuwa, kai ka sa shi a kabari da hannunka, ka san inda yake, sai dai ka yi ta yi masa addu'a."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi ladan kowane yaro da ya koya wa aunawa kafin ya yi magana. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.

Na miƙe zan fita, Inna ta kira ni. Ta ce, "Yaran nan su nawa ne?"

Na ce goma sha huɗu.

Ta ce, "To ka bi su gida-gida ka gaya musu, kada ka aika. Shi ba ya ji yanzu. Su suna ji."